Wasika daga Jidda: a daina hada sifirin da shok barkatai don a daga mota

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikata, ya aiki ya kokari, Allah ya kara basira.

Dan Allah aron fili nake nema a jaridar nan tamu inyi magana da yan uwana Hausawa mazauna Saudiyya, musamman masu rike da sitiyari a Jidda da Makka da Madina, akan wani abu da ya dade yana ci min tuwo a kwarya, wato yadda muke canza kafar mota. Ni sana'ata kenan gyaran kafa, a sana'iyya nake, wato unguwar masu gyaran mota, anan Jidda, kuma abin da zan fada ba labari aka bani ba, kullum shi nake kwancewa ina daurawa da hannuna.

Maganar dai itace mutanenmu sun dauka sifirin daban shok daban, wai kowanne zaka iya sayo shi a inda ka samu araha, indai noti ya shiga rami to shikenan an gama. Mutum zai ga bayan motarsa ya zauna sai yaje shagon kayan gyara yace a bashi musa'ad, wato shok, mai karfi, ko kuma yaje tashlih ta Biriman, inda ake sayar da kayan motocin da aka farfasa, ya dauko sifirin na wata mota daban saboda ya ga ya fi nasa tsawo, ya kawo yace mu'allim daura min wannan inaso motar ta dan tashi. In kace masa Alhaji wadannan biyun basu dace da juna ba sai yace ai mai shagon yace duk daya ne zai shiga. Eh zai shiga mana, amma shi mai shagon ba da shi za'a hau titin Hijira da gudun kilomita 120 ko 140 da iyali a baya ba.

Bari in fara da abin da yafi rikita mutane. Nauyin mota sifirin ne yake dauke dashi, kuma shi ne yake yanke tsayin mota daga kasa. Shok ba daukar kaya ne aikinsa ba, aikinsa ya hana sifirin yin ta tsalle bayan an fada rami ko an hau matab, wato tudun rage gudu na kan titi, cikinsa mai ne da fistin mai kananan kofofi, duk sanda taya ta motsa sama ko kasa sai man ya matsu ta wadannan kofofin, karfin girgizar ya koma zafi ya fita. Shi yasa in ka taba shok bayan doguwar tafiya zaka ji shi da dumi. To indai bayan motarka ya zauna, a mafi yawan motoci sifirin ne ya gaji ko ya karye ko kuma kayan da kake dorawa sun fi karfinsa, ko ka sayi shok na riyal nawa bazai daga ta ba. Shok mai gas sabo yana iya dan turo ta sama kadan, abin da bai taka kara ya karya ba, kuma wannan ba shi ne gyaran ba. Ina ganin mutane suna zuba kudi a shok har sau biyu alhali matsalar tana sifirin, wallahi abin yana min ciwo don nasan yadda ake wahala kafin a hada kudin nan.

Shi kuma sifirin ba a gane shi da tsawo kadai, nan ne ido yake yaudarar mutum. Kowanne yana da karfinsa da ake aunawa, wato kilo nawa za'a dora masa kafin ya lotsa milimita daya. Ga misali don a gane, a ce kusurwa daya ta mota tana danna sifirin da kilo 400. In sifirin din mai kilo 2.5 ne a kowace milimita zai lotsa milimita 160. In kuma mai kilo 3.2 ne zai lotsa 125 kawai. To kaga ko da a kasa ka jera su tsawonsu daya cif, da zarar an daura an sauke jak motar zata bambanta da milimita 35, santimita uku da rabi kenan, kuma wannan a kafar mota ba karamin abu bane. Karfin nan yana fitowa ne daga kaurin karfen da fadin zagayen da yawan zagayen. Kaurin ne ma yafi tasiri nesa ba kusa ba, karfe mai milimita 13 yafi mai milimita 12 tauri da fiye da kashi daya cikin uku in sauran abubuwan daya ne, milimita daya tak wadda ido bazai gani ba sai an sa ma'auni. Kuma duk sanda aka rage yawan zagaye sifirin kara tauri yake, shi yasa yaran nan masu yanke sifirin da sarukh, injin yankan karfe, don mota ta kwanta suke samun mota gajera mai tauri wadda shok dinta baya iya rike ta, ga bakin sifirin din ya daina zama daidai a mazauninsa. Masu gasa shi da wuta kuwa sun kashe karfen ne gaba daya, karyewa kawai yake jira.

Ko a mota iri daya ma sifirin yana bambanta. Camry mai silinda hudu da mai silinda shida gabansu ba nauyi daya bane, don haka sifirin gabansu ba lamba daya bace. In ka lura da na asali zaka ga an diga masa fenti kala kala a jiki, wannan ba ado bane, alama ce ta kamfani da ke nuna wane aji ne. Haka motar da aka shigo da ita daga Amurka da wadda aka kera don kasashen Khalij, wato Saudiyya da makwabtanta na Gulf, wani lokaci lambar kayansu takan sha bamban. Shi yasa nake rokon mutane, in zaka sayi kayan kafa ka tafi da istimara, wato takardar rajistar mota, a bincika da lambar shasi, kar kace kawai Camry 2012 ko Sonata 2015 a miko maka abin da ke kusa da hannu.

Sai shok mai faranti, wanda ke gaban kusan duk kananan motocin da muke hawa, Corolla, Accent, Elantra, Camry. Shi wannan sifirin a jikinsa yake zaune akan wani faranti da aka like, sannan shi kansa wani bangare ne na kafar, shi ke rike da taya a tsaye kuma da shi sitiyari yake juyawa. Camry ta da har zuwa 2017 gaba da baya duk irinsa ne, daga 2018 ne aka raba na baya sifirin gefe shok gefe. Anan ne shok yake iya taba tsayin mota, ba don karfinsa ba, sai don inda aka like farantin. In na tijari ne, wato ba na kamfanin motar ba, mara kyau ko na wata shekarar daban kuma farantin ya hau ko ya sauka da santimita daya, to motar ma haka zata hau ko ta sauka. In kuma gefe daya kawai aka canza sai kaga mota ta karkace tana tafiya kafada daya sama. Don haka kafin a daura a jera sabo da tsoho a kasa a auna daga ramin noti na kasa zuwa faranti, a duba fadin farantin da dan matakin da bakin sifirin ke tsayawa, a kuma duba na dama ne ko na hagu don da yawa ba'a musanya su. Aikin minti biyar ne amma ba kowa ke yi ba.

Yanzu ga asalin abin da yasa nace tare ake zabensu. Kowane shok yana da iyakar budewa da iyakar rufewa, kuma kamfani ya lissafa ne yadda in mota na tsaye da nauyinta fistin zai kasance wajen tsakiya, yana da wurin zuwa sama yana da wurin zuwa kasa. In ka sa gajeren sifirin ka sauke mota santimita hudu ka bar shok na asali, ka cinye santimita hudu daga hanyar rufewarsa, kowane matab sai ya daki robar karshe, kaji kum a cikin kashin bayanka, ba jimawa sil ya fashe mai ya fara tsiyaya. Kuma in taya ta rataya, misali an daga a jak ko an tashi sama akan tudu, gajeren sifirin yana iya sakin mazauninsa ya goce. In kuma dogon sifirin ka sa ko ka cusa roba ko karfe a karkashi don mota ta tashi, to shok ya riga ya kusa karshen budewarsa tun motar na tsaye, da taya ta fada dan rami bata da sauran inda zata sauka, sai shok ya finciko ta, kaji kwas kwas, tayar ta bar kwalta na dan lokaci. Tayar da bata taba kasa kuwa ba birki ba sitiyari. Sannan ga maganar karfi, sifirin mai tauri yana dawowa da karfi, shok mai laushi bazai iya tare shi ba sai mota tayi ta rawa, sifirin mai laushi da shok mai tauri kuma kafar bata samun dawowa kafin rami na gaba. Duk wanda ya taba huda da shanu a gida yasan in ka daura babban sa da dan maraki a karkiya daya kunya bazata mike ba komai gwanintar mai rike da garma, to haka abin yake.

Kamfanonin da suka san aikinsu ai basu boye wannan ba. Bilstein na Jamus ya raba nasa, B4 madadin na asali ne, B6 mai karin karfi ne amma don mota mai tsayinta na asali, B8 kuma an gajarta shi musamman don gajeren sifirin. KYB na Japan Excel-G dinsa an yi shi ne ya maye gurbin na asali, ba don motar da aka sauke sosai ko aka daga ba. Masu sifirin irin Eibach da H&R suna rubuta milimita nawa kayansu zai sauke mota kuma wace mota. Masu Land Cruiser da Patrol da ke shiga sahara sun san Old Man Emu na Ostireliya, saiti guda yake zuwa sifirin da shok, har sai an tambaye ka nauyin da kake dauka kullum kafin a zabar maka. Ba talla nake musu ba kuma bance dole sai mai tsada ba, nasan aljihun yawancinmu, abin da nake nunawa shine su da suka kera abin basu taba cewa duk daya ne ba.

Akwai inda maganata ta farko take da togaciya, kuma dole in tsaya akai saboda motocin da mutanenmu suka fi daukar iyali da baki dasu ne, wato Jims, GMC kenan da ire-irenta. Wasu Suburban da Yukon da Tahoe na shekarun 2000 zuwa 2006 shok dinsu na baya shi ma yana daukar nauyi. Akwai mai suna Nivomat, kato ne, da kansa yake daga bayan mota in an fara tafiya, akwai kuma mai iska da kwamfiresa. In ka bude aljihun gaban motar akwai takarda manne mai lambobi, ZW7 shine na farkon, Z55 kuma mai iskar. Su wadannan da gangan aka basu sifirin mai laushi saboda shok na taya shi dauka. To kudin na asalin yana da yawa, sai mutum ya sa shok na gama gari ya bar sifirin yadda yake, daga nan bayan mota ya zube. Akwai wani dattijo dan kasarmu da ke kai iyalansa da bakinsa Madina da irin wannan motar, ya zo min yana cewa dana duba min, tunda aka canza min shok a wani wuri motar nan in na dora mutane hancinta sama yake kallo, da dare duk wanda na hadu dashi sai ya watsa min fitila, kuma in babbar mota ta wuce ni sai inji kamar za'a kwace min sitiyari. Nace Baba ba shok din ne lalatacce ba, an raba shi ne da abokin aikinsa, ko dai ka koma irin na asali ko kuma mu canza sifirin ma zuwa mai taurin da aka yi don shok na gama gari. Ya zabi na biyun, aka sa su tare, motar ta dawo daidai. Wanda ya daura masa na farkon bai cuce shi da gangan ba ina kyautata zato, bai dai karanta takardar nan bane. Haka masu Grand Marquis mai balon iska a baya, in za'a maida ita sifirin a nemi saitin da aka yi don hakan, kar a dauko duk wanda ya shiga.

Masu Hiace da Hilux ku ma ga naku. Bayan wadannan susta ne, wato sifirin mai ganye, kuma nasan al'adar kara ganye daya ko biyu don a dora kaya. Abu biyu ake mantawa. In bayan ya tashi shok na asali ya zama gajere. Na biyu kuma wanda yafi hadari, tsofaffin da yawa suna da wani bawul a baya mai dan karfe da ya hadu da aksul, shi ke auna yadda bayan ya zauna ya san an dora kaya sai ya kara wa tayoyin baya birki. In ka daga bayan baka saita shi ba, mota cike da kaya shi kuma yana ganin babu komai, sai ya rage birkin baya. Mai saukowa daga Da'ifa ta Hada, kwana kan kwana daga saman dutse har kasa, yasan me ake nufi da birkin gaba ya dauki aikin shi kadai har yayi zafi. Gaban tsohuwar Hiace kuma sandar karfe ce ake murdawa, ana iya daure notinta mota ta tashi, amma duk abin da ka kara a sama ka rage shi ne a hanyar saukar taya.

Na san dalilin da yasa ake son dagawa kuma ban raina shi ba. Matabban cikin unguwa wasu kamar katanga, mota in ta dauki mutum biyar sai cikinta ya gurza. Ga ruwa, duk wanda ke Jidda a watan Nuwamba na 2009 ko na 2022 bazai manta yadda tituna suka koma kogi ba. Amma santimita uku ko hudu bazasu fidda karamar mota daga irin wannan ruwan ba, maganinsa kar a shiga. Shi kuma gurzar ciki yawanci alama ce ta gajiyar sifirin ko kaya sun yi yawa. A bude kofar direba a karanta takardar da ke jikin ginshiki ko littafin motar, karamar mota irin Corolla ko Camry abin da aka yarda ta dauka mutane da kaya gaba daya wajen kilo 400 ne ko sama kadan. Manya biyar masu kilo 75 sun riga sun kai 375 tun ba'a bude but ba. Sai a kawo jarkokin zamzam kowace lita kilo guda, katan katan na dabino, akwatunan tsaraba, a danna. Ko an sa sifirin mai tauri ya boye zaman, taya da birki da bodi suna nan yadda kamfani ya yi su, basu karu da komai ba. Kuma mota in ta tashi nauyinta ya hau sama, a kwana tafi kwanciya, in aka kauce wa wani abu da gudu tafi saurin juyewa. A masu jan gaba kuma dirabshaf yana karkacewa fiye da kima, robarsa ta yage, giris ya fita, sai kaji kas kas a kwana.

Ni a ganina ga mai motar gida ko ta neman abinci, tsayin da kamfani ya bata shi ne daidai, a maida ita can kawai. In kullum cikin kaya kake to a nemi sifirin mai dan karin karfi wanda aka yi wa wannan motar, a hada shi da shok da zai iya dashi, ba dogo na wata mota ba. Yaranmu da aka haifa anan masu son mota ta kwanta tayi kyau, ban hana ku ba, amma ku tara kudi ku sayi saiti cikakke, in kudin bai kai ba a bar ta yadda take har ya kai. Ku kuma tuna dokar murur, wato yan sandan hanya, ta hana yi wa mota gyaran da ya canza ta ba tare da izini ba, ga fahas, binciken lafiyar mota, na jiranku lokacin sabunta istimara, kuma mu baki ne ko ince masu iqama, bamu da bukatar abin da zai sa a tsayar damu a hanya.

Game da tashlih, ni ban ce haramun bane, akwai abubuwa da yawa da nake tura mutane su dauko a can. Sifirin in ka samu guda biyu daga mota daya irin taka sak, fentinsu daya, ba tsatsa ba tsagewa, tsawonsu daya, zai iya yi. Amma shok na tashlih sayen abin da baka gani ba ne, baka san kilomita nawa ya ci ba, kuma danna shi da hannu da ake yi a gabanka baya nuna komai don hannu bazai kai saurin da rami ke bugunsa ba. Ga zafin kasar nan da ke haura digiri 45 yana cin roba da sil ko mota na ajiye. Araha bata ado, sau da yawa kudin daurawa sau biyu da mizani, wato saita tsayuwar tayoyi, sau biyu ya fi rarar da aka samu. Sabo kuma akwai jabu a kasuwa cikin kwali mai kyau da sunan babban kamfani, don haka a karbi fatura, wato rasit, da sunan kayan da lambarsa a rubuce, in an cuce ka akwai manhajar Balagh Tijari ta ma'aikatar kasuwanci ko a kira 1900, amma ba fatura ba magana.

Yan uwana makanikai, ku ma bazan kyale ku ba don rabin laifin a warsha yake, wato gareji. Mota in ta shigo a auna ta kafin a taba ta, a fili mai lebur, iskar taya daidai, but babu kaya, daga tsakiyar wil zuwa bakin bodi na saman taya, duk kusurwa hudu a rubuta. Daga tsakiyar wil nace ba daga kasa ba, don girman taya da iska kar su shiga lissafin. A canza biyu biyu, dama da hagu tare. A duba kujerar shok ta sama da beyarin dinta da robar karshe da rigar kura, banza ne a sa sabon shok a karkashin matacciyar kujera. A zaunar da bakin sifirin a matakinsa, kar a juya shi kai kasa. Notin bushin na makas, karfen da ke hada taya da jikin mota, kuma kar a daure shi tamau mota na rataye, sai an sauke ta nauyinta ya hau taya, in ba haka ba robar zata zauna a murde, motar ta tsaya sama da inda ya kamata kuma bushin ya mutu da wuri, wannan kuskuren ina ganinsa har a wurin wadanda suka dade a sana'a. Bayan an gama a dan zaga da ita ta zauna, a sake aunawa a gwada da na farko, sannan a kai ta mizani don duk sanda tsayi ya canza tsayuwar taya ma ta canza, in ba'a saita ba wata kadan cikin taya ya cinye waje na nan sabo. A karshe a saita fitila.

Kuma dan girman Allah a daina matse sifirin da waya ko igiya ko a ce yaro ya taka da kafa a kwance notin sama. Karfin da ke cikin matsattsen sifirin na daruruwan kilo ne, in ya kubce fuska yake nema. Abin matse shi na gaskiya ba wani tsada gare shi ba, duk mai warsha da ke daukar yaran mutane aiki wajibi ne ya saya, yaran nan iyayensu amana suka bamu.

Mai mota kai ma kana da alamun da zaka gane da kanka ba sai an fada maka ba. In ka hau matab motar ta ci gaba da lilo bayan an wuce, in ka taka birki hancinta ya nutse sosai, in kaga mai ya jika jikin shok har kura ta manne, in taya ta fara cinyewa tudu da kwari kamar an sassaka, ko ka tsaya daga nesa kaga gefe daya ya fi daya, to a je a duba kafin tafiya mai nisa. Tsakanin Makka da Madina sama da kilomita 400 ne, titi mai kyau mai jan mutum ya taka, kuma irin wannan titin ne yake boye lalacewar kafa har sai ranar da taya ta fashe ko wani ya shigo maka ba zato. Musamman azumi da lokacin aikin Hajji in sun gabato kowa sai yan uwa sun sauka a gidansa daga Kano ko Sakkwato ko Damagaram, ana ta zirga zirga filin jirgi da ziyara, motar da ta saba daukar mutum biyu sai ta koma daukar gida guda.

Malam Edita nasan yawancin masu karanta jaridar nan suna gida ne, kuma nasan abin da nake fada yana can ma har ya fi, duk wanda ya ga yadda ake lodin Sharon da Golf da Homa a tasha yasan ana cusa sifirin din da ba nasu ba don bodi kar ya taba taya. Shi yasa nake rokonku in da hali ku dan ware wani gefe ko sau daya a wata da makanikai da masu wayarin da masu faci zasu rika bayani da Hausa, ku kuma aika wakilinku ya zauna da shugabannin direbobi da na makanikai ya tambaye su wannan maganar ta kafa, don littattafan motocin nan da Turanci da Larabci suke zuwa, mafi yawan masu tukin da masu gyaran kuma da baki suka koya. In kun bude filin ni a shirye nake in rika turo abin da na sani daga nan, na gaba ma inaso inyi akan taya da yadda ake karanta shekarar da aka yi ta a jikinta, don nan kasar zafi na kashe taya tun zanenta bai goge ba.

Na gode da wannan dama, a gaida duk ma'aikata. Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani makaniken kafar mota,
Jidda, Saudiyya.